Baba Ishaya Baduku, Wanda Na Bari Ba Tafinta

Ranar Alhamis da hantsi ina rumfar gyaran jirgin ƙasa inda nake aiki, mai gadi ya zo ya ce wani malami yana nemana a ƙofa. Na fita hannuwana duk baƙin mai, sai na ga Malam Habu, mai makarantar allo a layinmu na Zongo. Malam ba ya barin karatu da hantsi, shi ya sa na san ba lafiya ba tun bai buɗe baki ba. Ya ce, "Yohanna, sai haƙuri. Allah ya yi wa Ishaya rasuwa da safen nan. Matarsa Saratu ta ce kai za a fara gaya wa." Na bi shi a baya har gida.

Baba Ishaya baduku ne, yana ɗinkin takalma da kube a gefen kasuwar Assigamé. Tare suka zo Lome da mahaifina daga ƙasar Zazzau, cikin ayarin fatake, kuma su biyu ne kaɗai Kiristoci a ayarin. Da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya mini a kan komai, har neman aurena shi ya je. Duk Zongo an san shi da abu ɗaya: ranar Juma'a in an kira salla, yakan ajiye basilla ya koma tsakanin rumfunan maƙwabtansa ya zauna, ya ce, "Ku tafi, kayanku na hannuna. Wanda aka kira ba ya tsayawa gadin albasa." Ban taɓa jin wani ya dawo ya ce ya rasa ko allura ba.

Abin da ya gagare shi shi ne yaren Ewe na mutanen garin. Ya tsufa a garin nan, amma Ewensa bai wuce gaisuwa da ciniki ba, gaisuwar ma in ya yi sai matan kasuwa sun riƙe ciki don dariya, shi ma ya taya su. Majami'armu kuwa, da ke wajen Hanoukopé, komai da Ewe ake yi, waƙa da addu'a da wa'azi. Ni a nan aka haife ni, Ewe a bakina kamar Hausa. Saboda haka duk Lahadi nakan zauna a damansa, don kunnen hagu ya yi nauyi, fasto yana faɗa ina raɗa masa da Hausa. Sau da yawa sai jama'a sun wuce wurin sannan "Amin" ɗinsa zai fito shi kaɗai, da ƙarfi, yara su yi ta ƙunshe dariya. Shekaru muka yi a haka.

Ba zan iya cewa ga ranar da na daina zuwa ba, domin ban taɓa yanke shawarar dainawa ba. Lahadi ta farko ruwa aka yi. Ta biyu bayana ke ciwo, don kwana shida muke aiki muna ɗaga ƙarfe, Lahadi ce kaɗai mutum zai miƙe ƙafa. Daga nan sai na samo hujja mai kyan gani: ai Allah yana ko'ina, a ɗakina ma zan yi sujada, kuma da Hausa. Majami'ar ba nisa gare ta ba, tsoho mai sanda ma yana isa kafin a gama buga ƙararrawa ta biyu. Daɗin tabarma ne kawai ya fi mini, amma a lokacin ban kira shi da sunansa ba.

Baba bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ya zauna daga farko har ƙarshe ba ya jin abin da ake faɗa. In an tashi sai ya roƙi wani ya rubuta masa lambar wurin da aka karanta cikin Littafi Mai Tsarki a 'yar takarda, ya soke ta a hula, da la'asar ya kawo mini in karanta masa da Hausa, don idonsa ya daina ganin rubutu. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, har ina ganin na sauke nauyi. Wata rana na ce, "Baba, tun da ba ka ji, me zai hana ka huta, mu yi namu a nan?" Ya ce, "Ɗana, kunnena ne bai ji ba. Ni ai na je." Ya juya hular a hannunsa, sannan ya ce, "Na ga fata da yawa a sana'ata. Wadda aka daina shafa wa mai ba ta tsagewa ranar. Bushewa take a hankali, mai ita yana ganin lafiya lau take."

Na yi dariya na ce ni ban bushe ba. Amma gaskiya ya faɗa. Sujadar ɗaki da nake taƙama da ita ba ta yi wata uku ba. Addu'ar safe ta gajarce har ta ɓace, karatu kuma sai in Baba ya zo da takardarsa. Matata da 'ya'yana suka ga maigida a kwance, su ma suka kwanta. Shekara biyu cur aka yi a haka.

Lahadin da ta wuce ya tsaya a ƙofata cikin farar rigarsa, yana haki kaɗan. Bai saba tsayawa ba. Ya ce, "Yohanna, yau ina marmarin in ji abin da ake faɗa tun yana da zafi. Ko za ka raka ni?" Ina kishingiɗe ina shan koko. Na ce, "Baba, mako mai zuwa, da yardar Allah." Ya ce to, Allah ya kai mu, ya juya. Na ji ƙarar sandarsa har ya sha kwana.

An yi masa sujadar jana'iza a tsakar gidansa kafin a ɗauke shi. Mutanen majami'a suka cika ciki, maƙwabta Musulmi suka zauna a inuwar ƙofar gida, har da liman. Faston sabo ne, bara aka kawo shi. Da ya ga yawan Hausawa sai ya tambaya ko akwai mai jin Ewe da zai fassara musu. Malam Habu ya nuna ni. Fasto ya riƙe hannuna ya gode, ya ce abin farin ciki ne maƙwabci Musulmi ya taimaka a rana irin wannan. Bai san ni ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Na tsaya kusa da shi ina fassarawa, har ya zo inda ya ce da Ewe, "Tun da na zo, tsohon nan bai fasa Lahadi ɗaya ba, ko da yake ba ya jin yarenmu, kuma ba shi da kowa da zai fassara masa." Ya dakata don in fassara. Inna Saratu ta sunkuyar da kai. Malam Habu ya zuba mini ido. Duk wanda ke wurin daga Zongo ya san wanda ke zama a daman Baba a da. Na so in tsallake, amma ban taɓa rage masa ko kalma ɗaya ba yana raye. Na faɗe ta da Hausa, da bakina, yadda aka faɗe ta: ba shi da kowa. 

Ina baƙin cikin rasuwarsa, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abu ɗaya ya roƙe ni a ƙarshen ransa, tafiyar da ba ta kai a gaji ba, na hana shi.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Ishaya, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka ta'azantar da Inna Saratu, ka zama mata gata a tsufanta, ka riƙe 'ya'yansa da jikokinsa na nan da na gida. Ka saka wa Malam Habu da mutanen Zongo da alheri, su da suka tsaya a kansa kamar nasu. Ni kuma ka yi mini jinƙai, ka gafarta mini, ka tashe ni da iyalina daga inda muka kwanta, tun da sauran lokaci. Amin.