Ɗan Akuyan Gwaggo

Jiya na tafka wautar da ta fi ta kowa a Dutsin-Ma. Na hura wuta da shafin wani tsohon littafi, sai da ya ci rabi na hango hoton ɗan akuyan.

Gwaggon da ta riƙe ni a Kurfi ba ta iya karatu ba. Takan ɗora littafin a cinya, hannunta na ƙanshin daddawa, ta nuna hoton ta ce, "An raba shi da uwarsa. Kai ja'iri, me yake ji?"

"Yunwa, Gwaggo, zai cinye Kurfi!"

Sai ta yi dariya, ta jira har in ce, "Gida yake so."

Allah Ya haskaka kabarinta. Yanzu ina gidan riƙo na uku ke nan, ba wanda ya ƙara yi mini irin wannan tambayar.