Abla Insaf, Wadda Aka Ƙunshe Gyaɗa da Rubutunta

Ƙarfe tara na safe Abla Insaf Tadros take sauka daga taram, jirgin ƙasan cikin gari, a tashar Ibrahimiyya, da baƙar jaka a hammata. Ta tsaya ta sayi burodi mai riɗi guda ɗaya, ta hau benen ƙungiyar mawaƙan unguwarmu tana hutawa a kowane hawa. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana haka. Ɗakinta shi ne na ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Babu komai a ciki sai fiyano, da garmaho, da kabad na katako. Za ta feƙe fensir uku ta jera, ta ɗora faifai, ta sa ɗan yatsa a gefensa don ya rage gudu, ta karkatar da kai. Daga nan ko gobara ce ta tashi, sai ka taɓa ta za ta sani.

Aikinta shi ne tsofaffin waƙoƙin nan na Turawa da ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa shigo mana da faifansu Iskandariya tun zamanin iyayenmu, waɗanda mutum huɗu ke rerawa tare, kowa da hanyarsa, muryoyin manne da juna har ka rantse baki ɗaya ne. Faya-fayan ba su zo da takarda ba. Abla ce ke zama ta warware su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsefe kitso. Sauraren farko ta ɗauko muryar sama. Na biyu ta ɗauko ta ƙasa, tare da sautukan da mai jita zai danna. Sannan ta shiga farautar biyun tsakiya, masu ɓuya a bayan 'yan'uwansu. Na ga baiti ɗaya ya cinye mata kwana uku.

Ni ne murya ta uku. Sunana Shukri, tsohon direban taram. Shekara talatin ina rera abin da matar nan ta rubuta, ni da Fahima mai muryar sama, da Lutfi na biyu, da Hajj Abdin mahauci mai muryar ƙasa. Gara in faɗa tun yanzu, da ɓacin rai nake wannan rubutu, kuma ba ni da niyyar sanyaya shi.

Abla ba ta taɓa rubuta "murya ta ɗaya" ko "murya ta uku" a takarda ba. Sunan mutum take sawa a farkon layinsa. Kuma da fensir kaɗai take rubutu, don ta ce maƙogwaro tsufa yake yi. Kowace shekara za ta saurare mu, ta ɗauko abin gogewa, ta sauke wa wannan sauti, ta ɗaga wa wancan. Ta kuma san ciwonmu. Mu mutanen Masar da murya ɗaya muka tashi, mai waƙa ya ja, jama'a su amsa. Ka ba mu minti biyu, duk mun saki layinmu mun koma bin mai jan waƙa, har da 'yar karairayar da muka gada. Saboda haka a daidai inda ta san mutum zai zame, sai ta rubuta masa gargaɗi da ƙananan haruffa.

"Shukri, ka sake bin Fahima," in ji ta wata rana, ba ta ko ɗago kai ba. "Matarka ce?"

"Abla, waƙar ce ta ja ni."

"Shekara nawa kana kan layin dogo ba ka kauce ba, layin takarda ne zai gagare ka? Koma daga farko."

Hajj Abdin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta juya ta ce masa shi ma ya bari ya gama tauna kalmomin kafin ya haɗiye, ba nama ba ne.

Shekara tara da suka wuce aka yi wa Fahima aikin maƙoƙo. Ta warke, amma rabin muryarta ya tafi. Ta zo sallama da kwalin alewa, tana dariyar da ta fi kuka ciwo. Abla ta zaunar da ita gaban fiyano, ta danna, ta ce ta bi. Sauti biyar kacal suka rage mata masu kyau. Abla ta ce, "Biyar ai dukiya ce. Mayar da alewarki jaka." Wata huɗu ta yi tana goge waƙoƙi sittin tana sake raba su, ta miƙa wa Lutfi saman, ta gina wa Fahima sabuwar hanya a cikin sautukan nan biyar. Ba wanda ya sa ta. Ranar da muka fara fita gaban jama'a bayan haka, ba wanda ya gane an canza komai, kuma Fahima har yau tana waƙa.

Ke ce wannan, Abla. Kunnen unguwa, mai raba murya ba a yi faɗa ba. Ke ce kika san inda numfashin kowannenmu yake ƙarewa, abin da likitocinmu ma ba su sani ba. Sunanki bai taɓa hawa allon talla ba. In an tafa mana, kina can kujerar ƙarshe da fensir a bayan kunne, kina rubuta kuren da muka yi.

To, ga sakayyar da aka yi mata.

Bara ƙungiya ta yi sabon shugaba, Ustaz Ra'uf, saurayi mai tsabtar takalmi. Ya zo da wata manhaja da ake ba ta waƙa ta raba muryoyi ta buga a takarda kafin shayi ya huce. A watan Maris aka yi wa Abla bikin ajiye aiki. Aka yanka kek, aka ba ta allon yabo, Ustaz Ra'uf ya tashi ya ce zamani ya zo, kuma dukan ayyukan Abla an adana su. Muka tafa. Ni ma na tafa, Allah ya yafe mini.

Mako na gaba aka raba mana sababbin takardu, farare tas, ko ɗigo babu. Muka fara. Na'urar ta rubuta abin da ke faifai daidai, wato abin da samari 'yan shekara ashirin suka rera. Hajj Abdin yana da saba'in da ɗaya. Ya miƙa wuya, jijiyoyi suka tashi, ya ce, "Wannan sai dai a kira jikana." An mayar da Fahima can sama inda wuƙar likita ta raba ta da shi. Ni kuwa a wurare da dama babu ni kwata-kwata, domin duk inda muryata ta gitta ta Lutfi, na'urar mutum ɗaya take ji. Ba mu kai rabin waƙa ba duk muka koma murya ɗaya kamar 'yan amshin biki. Muka je kabad mu ɗauko tsofaffin takardunmu, muka tarar da shi wayam. Ustaz Ra'uf ya ce an kai su sito.

Ranar wata Juma'a da la'asar na fita bakin teku da matata Zakiyya. Na sayi gyaɗa wurin Amm Sabir, wanda ke suya a kekensa kusa da tashar, ya murɗa takarda ya zuba mini kamar kullum. Muna tafe muna ci. Da gyaɗar ta ƙare na warware takardar zan goge hannu, sai na ga layuka biyar-biyar, da rubutun fensir. A farkon layi na uku an rubuta "Shukri". A samansa, da ƙananan haruffa, "numfasa a nan, kada ka yi jarumta."

Ban san lokacin da na koma ba. Zakiyya ta ce gudu na yi, ni da ban yi gudu ba tun kafin auren 'yarmu.

"Amm Sabir, ina ka samo wannan?"

"Wurin mai sayen tsofaffin kaya, buhu biyu. Takarda ce mai kyau, Shukri, ba ta jin maiƙo. Lafiya kake huci haka?"

"Tun yaushe kake ƙunshi da ita?"

"Mako uku ke nan. Buhu ɗaya ya tafi, na taɓa na biyu."

Na faɗa masa ko rubutun wane ne. Ashe ya san ta, shekara da shekaru tana wuce shi da safe. Mutumin nan da bai taɓa shiga ɗakin waƙa ba ya ajiye ludayinsa, ya jawo buhun daga ƙarƙashin keke, ya karkaɗe shi da hannun rigarsa. Ya ce, "Ɗauka. Ka kawo mini tsofaffin jaridu madadinsu, kada kasuwa ta tsaya. Da na san na Abla ne da na ƙunsa wa mutane a tafin hannunsu."

Mai gyaɗa ya san kunya. Shugaban ƙungiyar mawaƙa kuwa, da muka juye masa buhun a kan tebur, matsar da wayarsa ya fara yi kada ta ɓaci.

"Ammu Shukri, ka kwantar da hankalinka," in ji shi. "Takardun nan duk goge-goge ne, wasu har sun huje. Ga sunayen mutanen da suka rasu tun ban shiga makaranta ba. Ɗakin muke so mu gyara. Waƙoƙin ai suna nan a na'ura."

"Waƙoƙin Turawa suna nan," na ce masa. "Namu fa?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Wallahi da sata ya yi da na fi samun sauƙi, ɓarawo aƙalla ya san abin da ya ɗauka yana da daraja. Wannan bai sani ba, bai tambaya ba, kuma matar tana raye, tasha uku ce tsakaninsa da gidanta. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, har da kek.

Muka kwashe kwana biyu a shagon Hajj Abdin muna jera shafuka. Waƙoƙi ɗari huɗu da goma sha biyu Abla ta rubuta. Ɗari da casa'in muka samu cikakku. Sauran wasu shafi ɗaya, wasu babu ko alama, mutanen Iskandariya sun ci gyaɗa sun jefar a teku.

Mun yi gardamar ko a faɗa mata. Fahima ta ce ƙarya ba za ta yi wa Abla ba. Muka je mu huɗu, muka zauna a falonta kamar masu ta'aziyya. Ta saurara har ƙarshe. Na miƙa mata shafin da na ci gyaɗa a ciki, ta shimfiɗa shi a gwiwa tana lallashin murɗewar da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zaro fensir, ta goge sauti ɗaya a layina, ta sauke shi ƙasa kaɗan.

"Tun bara ya kamata in gyara maka wannan," ta ce. "Ka tsufa, Shukri. Ku kawo mini sunayen waɗanda suka ɓata."

A ranar ne ta faɗa mana abin da ta ɓoye. Kunnenta na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana bin sawu, kuma muryoyin tsakiya ne suka fara ɓace mata. Likita ya ce shekara ɗaya, in Allah ya tsawaita biyu. Yanzu waƙa ɗaya take gamawa a mako, sama da ɗari biyu kuma suna jira. Ba za ta gama ba. Ta sani, mu ma mun sani, amma kullum ƙarfe tara tana zaune da fensir uku.

Na zagi Ustaz Ra'uf iya zagi, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa. Shekara talatin ina miƙa hannu ana ba ni takarda da sunana a kai. Ban taɓa cewa, "Abla, nuna mini yadda kike jin muryar nan" ba. Ba ni ba, ba Lutfi ba, ba ɗaruruwan da suka hau benen nan suka sauka ba. Mun ɗauka ruwan famfo ce, kullum in an murɗa za ta zubo. Wannan ne yake hana ni cin abinci da daɗi.

Mun gode, Abla Insaf. Mun gode da Fahima da kika hana ta yin shiru. Mun gode da kowane gogewa da ya huda takarda, domin kowane ɗaya wani ne a cikinmu ya tsufa kika ƙi yar da shi. Ki yafe mana tafin da muka yi ranar kek. Allah ya riƙe miki kunnen nan, ya ba ki ladan da mu muka kasa ba ki.

Ku kuma masu karatu, ba tausayi nake nema mata ba, ba ta so. In kun sayi gyaɗa a bakin teku, ku warware takardar ku duba kafin ku jefar, in da layuka biyar da suna a gefe ku kai shagon Hajj Abdin. In kuna da wani a wurin aikinku da ke yin abin da ba wanda ya iya sai shi, ku je ku zauna kusa da shi yau, kada ku jira bikin sallama. Ni na makara, amma na fara. Kowace Talata ina gefenta da kaina a karkace, kunnena yana ji mata abin da nata ya daina ji, ita kuma tana faɗa mini sunan abin da na ji. Wancan makon na rubuta baiti na farko da hannuna, ina da shekara sittin da shida. Ta duba, ta goge rabi, ta bar rabi.

Akwai kujera biyu babu kowa a falon Abla. Wanda ke da kunne ya zo ƙarfe tara, ya taho da fensirinsa.