Na Ɗauka Tsibiri Ɗan Wuri Ne

Ana kiran assalatu muka bar Lafia, ni da ƙawata da muke sayar da kayan mata tare a kasuwa, cikin motar da muka ɗauka shata zuwa filin jirgin Abuja. Asalin tafiyar ta sarin kaya ce zuwa Istanbul, kamar yadda muka saba. Amma wannan karon akwai wata 'yar tafiya a cikin tafiyar. 'Yata ta fari tana karatun aikin jinya a tsibirin Kubrus, wanda mutanen Lafia ke ce wa Saifrus, kuma tun da ta tafi ban sa ta a ido ba sai ta waya. Ita ta ce tunda daga Istanbul zuwa wurinsu ba nisa a jirgi, in saci ƙarshen mako in leƙo ta. Ta nema mana takardun shiga, ta tsara komai da kanta: Juma'a mu sauka mu huta, Asabar ta kai ni yawon jirgin ruwa, Lahadi mu ga gari. Ni kuwa abin da nake so bai wuce in zauna da yarinyar nan in kalle ta son raina ba, in ji maganarta ba tare da layi ya yanke mana ba.

Sai bakina ya ja mini, na faɗa a kasuwa. Duk wanda ya san Lafia ya san abin da ya biyo baya. Ashe kusan kowace unguwa tana da ɗa ko ƙane ko ɗan maƙwabci a Saifrus. Kafin ranar tafiya shagona ya koma tasha: agushi, riɗi, gari, alabo, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kowace leda da sunan mai ita a jiki. Wani malamin makaranta daga Shabu ya kawo doya guda, ƙatuwa, sai ka ce jariri. Wata tsohuwa ta taso tun daga Agyaragu da ƙullin riɗi na jikanta, ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ka kai ma yaro na. Ka duba shi da ido naka, in ya rame ka gaya mini gaskiya."

Ni dai ban iya cewa a'a ga saƙo ba, ba a koya mini a gida ba. Kuma ina da lissafina. An ce mini tsibiri ne. Tsibirin da na sani a duniya shi ne ɗan tudun yashin nan da ake hangowa a tsakiyar Binuwai daga kan gadar Makurɗi. Na ce ina sauka zan tari ɗan okada, mu zagaya, kafin la'asar na sauke nauyin kowa.

Hanyar Akwanga yanzu sai godiya, mota tana tafiya kamar a kan tabarma, duwatsun ƙasar Eggon sun yi kore shar saboda damina. Mun tsaya a Akwanga muka karya da ƙosai da soyayyar doya, muka wuce Keffi lafiya, sai Mararaba ta karɓe mu da gosulon da ta saba karɓar kowa. A filin jirgi aka auna kayanmu, ma'aikacin ya dubi manyan jakunkunan ganamasgo biyu da na ɗora, ya dube ni, ya tambaya ko ƙaura zan yi. Kaya sun wuce nauyin da aka yarda, doyar malam a nan tafiyarta ta ƙare. Na bar wa direbanmu ita, ya ce zai ci ya sa wa mai ita albarka.

Istanbul ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, ciniki ne da ciwon ƙafa. Ranar Juma'a muka bar sarinmu a wurin masu aiko da kaya, muka hau ƙaramin jirgi da ganamasgon jama'a. Ina jikin taga. Da muka tsallake ruwa sai na ga ƙasa ta bayyana, duwatsu a jere, gonaki, tituna, garuruwa nan da can, kuma jirgi yana ta tafiya ƙasar ba ta ƙare ba. Ƙawata ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "Wannan ne za ki zagaye da okada?"

'Yata tana tsaye a bakin ƙofar fita. Jama'a, ban san na iya gudu ba sai ranar. Na rungume ta, na ture ta baya na duba, na sake rungumewa. Ba ta rame ba, har ta yi ɗan kumatu, sai dai idonta ya nuna gajiya. Murnarta ta ɗan ragu da ta ga jakunkunan. Muka kama hanyar Lefkosha inda take zaune. A can ta hagu ake tuƙi, don haka duk motar da ta taho sai na ga kamar kanmu za ta hau, ina ta salati direba yana dariya. Rana tana da zafi irin namu, amma ƙasar a bushe take, ba korenmu, sai itatuwan zaitun gajeru masu tokar ganye.

A ɗakin da take haya da wasu 'yan mata biyu muka zazzage kayan. Tana ɗaga leda tana karanta suna, tana kiran waya tana tambayar inda mai ita yake. Wannan yana Magusa, wancan yana Girne, waccan tana Lefke. Ta ce daga nan zuwa Magusa kamar Lafia zuwa Akwanga ne, Lefke ma haka amma ta ɗaya ɓangaren. Babu okada, bas kuma da yamma yake tashi aiki. Leda ɗaya ma mai ita yana tsallaken iyaka, don ashe tsibirin a rabe yake biyu, da shinge da sojoji a tsakiyar birnin, kuma takardunmu ba su kai can ba.

Ta zauna a bakin gado ta ɓata fuska. Sai da na matsa mata sannan ta ce ta roƙi hutu a asibitin da take koyon aiki, ta yi musayar kwanaki da wata, duk don kwana biyun nan. Ta ɗago ta ce, "Mama, wurina kika zo ko wurin mutanen Lafia?"

Wallahi maganar ta soke ni. Amma ku ma kun sani, ba a komawa gida da saƙo. Da wane ido zan kalli tsohuwar Agyaragu? Na ce mata mu yi sammako mu sauke na Magusa, sauran Allah zai kawo dabara.

Asabar da safe muka hau bas. Titi shimfiɗe, ba rami, ba shingen 'yan sanda, ba mai tallar gyaɗa ko ruwan leda, har na ji hanyar ta yi mini shiru da yawa. Magusa tsohon gari ne mai ganuwar dutse, da wani ƙaton masallaci da aka ce da can coci ne, kyanwoyi kuwa ko'ina, ƙosassu, ba sa ko matsa wa mutum. Mun sami jikan tsohuwa a wani gidan abinci inda yake wanke-wanke bayan darasi. Yaro ya murje abinsa. Da ya kwance ƙullin ya ga riɗin, sai ya juya mana baya yana goge ido da gefen riga. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma ina lura da 'yata tana duba waya tana mayarwa jaka, har lokacin jirgin ruwan da ta kama mana ya zo ya wuce muna tashar bas. Leda ɗaya ta cinye mana rabin yini, ga sauran jibge a ɗaki.

Muka hau bas ɗin dawowa. Ƙawata ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ke Hajiya, a garinmu wa kika taɓa gani yana bin yara da abinci? Ɗora tukunya kawai, su za su nemo ki."

'Yata ta dube ta, ta dube ni, sai ga murmushi. Nan take ta tura magana a zauren wayar da 'yan Nasarawa ke haɗuwa, cewa Mama ta zo daga Lafia, akwai tuwon alabo da miyar agushi, mai saƙo ya zo ya karɓa da kansa. Shi na tsallaken iyaka muka kira shi, ya yi dariya ya ce a zuba nasa agushin a tukunya, a ci a madadinsa, a gaya wa babarsa yana lafiya.

Kafin la'asar ɗaki ya cika har bakin matakala. Wanda aka ce yana nesa ya iso, har da waɗanda ba a aiko musu da komai ba. Ga Alago, ga Eggon, ga Tibi, ga Migili, ga namu, masu salla da masu zuwa coci, kowa ya ajiye Turanci ya kama Hausar Lafia. Wani dogo ya miƙo kwano karo na biyu yana cewa, "Mama abeg ƙara mini, miya nan ya kai ni gida." Ina tuƙa tuwo ina yi musu tambayoyin da iyayensu za su yi mini, ina kallon wuyan kowa da idonsa. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, wata tsohuwar Baturkiya ce maƙwabciyarsu. Na ce shi ke nan, hayaniya ta jawo mana ƙara. Ashe lemon tsami ta tsinko mana a bishiyarta. Muka zuba mata miya, ta ɗanɗana, yaji ya sa ta hawaye, ta kuma ƙi ajiye cokalin. Kafin bas ya tashi aiki kowa ya rungumi ledarsa ya tafi, ganamasgo suka koma fayau.

Lahadi ta zama tamu. Muka haura wani dutse muka gangara Girne, sai ga Bahar Rum a gabanmu. Na sha ganin teku ta tagar jirgi, amma tsayawa a bakinsa daban ne. Shuɗi ne kamar an zuba bula, kuma tas, kana hango duwatsun ƙasansa. Mun zagaya tashar jiragen ruwa da tsohuwar ganuwarta, muka zauna cin abinci. Suna da wani cuku da ake gasawa, ɗan'uwan warar Fulani ne sai dai ya fi gishiri, na ci na ƙara. Zaitun kuwa na tauna ɗaya na nemi inda zan tofar. Shayinsu a ɗan kofin da bai fi kurɓi uku ba. Farashi kam, shawarata ita ce kada ka juya shi zuwa naira sai ka gama haɗiyewa. Ƙawata ta juya tun kafin a kawo kifi, abincin bai yi mata daɗi ba har muka tashi.

'Yata ta ce bari ta nemo wani jirgin ruwan a madadin na jiya. Na ce a'a, na gaji da abin hawa, ta samo mana inda za mu zauna kawai. Muka bi gefen ruwa har wani lungu da ba kowa, ƙarƙashin wata bishiya. Iska ta ture mata ɗankwali, na ga kan. Gashi ya cukurkuɗe, an tufke shi da roba an manta da shi. Ta ce kitso a can sai mai hali, kuma ina lokacin? Mai sayar da kayan mata ba ta rasa mataji da man kitso a jaka. Ƙawata ta rataya mayafinta a reshe ya zama labule, ta ce za ta je ta ɗauki hoton ruwa, ta ba mu wuri.

Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na fara tsefewa. Da ma kan mace in yana hannunka bakinta buɗewa yake. Ta ba ni labarin sanyin da ta sha a shekarar farko, da jarrabawar da ta faɗi ta sake ba ta gaya mana ba, da wata tsohuwa mara lafiya da ta saba da ita a asibiti, ranar da ta rasu ta rasa wanda za ta yi wa kuka. Duk wannan a waya "lafiya lau" ake ce mini. Ban yi mata faɗa ba, ban yi wa'azi ba, ina kitso ina ji. Kafin in kai layin ƙarshe maganar ta tsaya, na leƙa na ga barci ya ɗauke ta, kanta a kan gwiwata. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, ban motsa ba. Ban taɓa jin daɗin zama wuri ɗaya kamar na wannan yammacin ba.

Washegari ta raka mu filin jirgi da sabon kitsonta na shuku. Muka biyo ta Istanbul, muka sauka Abuja, Mararaba ta sake riƙe mu, muka shigo Lafia da yamma ana yayyafi. Ban gama shan ruwa ba iyaye suka fara sallama. Na ba kowa labarin nasa, wane ya yi ƙiba, wance ta ƙara haske, wane yana bukatar a riƙa kiransa. Malamin Shabu na gaya masa gaskiyar inda doyarsa ta kwana, ya ce ai direba ma ɗan wani ne. Tsohuwar Agyaragu da ta ji jikanta ya murje, sai ta ajiye sandarta ta taka rawa a tsakar gidana. Da aka watse maigida ya ce, "Kin ba kowa labarin nasa. Tamu fa?" Na ce masa ya gyara zama, nata mai tsawo ne.

In za ku yi irin wannan gajeriyar tafiya, ku tambayi girman wuri kafin ku buɗe baki a kasuwa. Saƙo kam ba zan daina ɗauka ba, na ga abin da ƙullin riɗi ke yi wa yaro a ƙasar wasu. Amma yaran nan kowa leda aka aika masa, ya karɓa ya gode. Tawa ba leda take jira ba, ni take jira, kuma saura kaɗan in kai wa kowa nasa in dawo da nata gida.