Takalmina a Ƙofar Coci

Shekaru sun ɗan ja yanzu. Ina amarya wata huɗu, maigidana ya tafi da ni Italiya saro jakunkunan shagonsa na unguwar Misfala a Makka. Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, waɗanda gwaggona ke kawo mana daga Kano duk Umra, don haka na sa rai a can zai riƙe hannuna ya ce ni ce hasken ransa. Ina! Kwana uku muna zagayen masu jakunkuna, kalmarsa mafi daɗi ita ce, "Yalla, mu je." Har na fara raya wa kaina cewa bawan Allahn nan ba sona yake ba, haƙuri kawai yake da ni.

Rana ta huɗu ruwan sama ya tare mu a gaban wata tsohuwar coci da baƙi ke shiga kallo. Na tsaya ina ɗari-ɗari.

"Gini za ki kalla, ya shekha, ba ibada ba," in ji shi, ya yi gaba abinsa.

Ɗiyar Makka, ta yaya zan shiga ɗakin ibada da takalmi? Na cire su, na jera tsaf kusa da wani kwando a bakin ƙofa, kamar a masallacin unguwarmu. Abaya ta rufe ƙafata, bai lura ba.

Ciki kuwa, tabarakallah. Ginshiƙai a murɗe kamar alkaki, ko'ina ruwan zinare, rufin an zana shi da gajimare har ka rantse babu rufi, ga jarirai ɓul-ɓul masu fukafukai suna leƙo mu. Na yi ta kallo har wuyana ya ƙage, ban ma ji sanyin dutsen da nake takawa ba.

Da muka fito, babu takalmi babu dalilinsa. Hawaye suka taho, na ce shi ke nan, yau zan sha faɗa.

Ya dubi ƙafata, ya dube ni. "Cirewa kika yi?"

Na gyaɗa kai.

 Ya durƙusa a gaban Turawa, ya cire nasa, ya kama ƙafata ya goge da gefen rigarsa. "La haula, kamar ƙanƙara. Me ya sa ba ki faɗa min ba?" Ya sa min su, ya ɗaure igiyar tamau. Muka kama hanya, ni ina jan takalma kamar kwale-kwale, shi yana tafe cikin ruwa da safa.

Sai ga wata tsohuwa ta biyo mu tana haki, da takalmina a hannu. Da nuni muka gane: kwandon na kayan sadaka ne, ta ɗauka kyauta na kawo, sai da ta hango safar maigida ta fahimta. Ta yi ta dariya tana dafa kafaɗarsa, tana ɗaga min gira. Wannan kam ba ya buƙatar tafinta.

"Halas, shi ke nan, ba ni nawa," ya ce.

Na ce, "Wallahi sai mun kai masauki." Ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ya bar min.

Har yau bai iya daɗin baki ba, ni ma ban daina karanta littattafaina ba. Amma tun daga ranar na daina auna shi da abin da yake faɗa. Mura ce ta kwantar da shi sati guda bayan mun dawo Makka, kuma duk cokalin farfesun da na ba shi da murmushi na ba shi.