Fim ɗin da na fassara wa ɗana

Shekarun baya, lokacin babban ɗana yana aji biyu a firamare, na tafka wata wauta da har yau in na tuna ta sai na yi dariya, in na ci gaba da tunawa kuma dariyar ta ɗauke. Ina da shagon taki da maganin feshi a Talata Mafara, kusa da kasuwa. A lokacin noman rani yana tafiya, masu albasa da shinkafa suna shigowa, Allah ya rufa asiri, ni kuma na fara ajiye tumbi. A wajenmu kuwa tumbi ba abin kunya ba ne. In na je ƙauyenmu Dakko har shafa shi tsofaffi suke yi suna cewa lalle gari ya karɓe ni.

Jikin shagona akwai mai shayi, kuma shi ne ya gina tumbin nan tun daga tushe. Kullum da hantsi sai ya soya mini taliyar leda biyu da ƙwai uku, mai yana ƙyalli, in kora da lemon kwalba mai sanyi. Ɗana kuma in an tashi makaranta ta gaban shagon yake bi, sai in sa a yi masa tasa. Ba a jima ba yaro ya raina tuwo. In maiɗakina ta ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka sai ya tura baki ya ce shi na shagon Baba yake so. Ta yi magana har ta gaji, ni kuwa ina ganin ai gata nake yi masa.

Ina da wani abokina da ke aiki a asibiti a Maradun, yakan shigo cin kasuwa ranar Talata. Wata Talatar ya same ni na duƙufa a kan faranti, ya tsaya yana kallona yana girgiza kai. Sai ya karɓi wayata ya tura mini wani fim na Turawa, irin wanda ba wasa ake yi a ciki ba, likitoci ne da marasa lafiya suke bayani a kan abincin nan na sauri da ake soyawa a saya a ci a tsaye, da abin da yake yi wa jiki.

Ya ce, "Don kai nit turo shi. Ka zamna ka kalla kai ɗai, har ƙarshe. Akwai wurin da ba na ƙanana na ba, kak ka nuna ma yara."

Na ce masa to. Amma ni kunnena abu ɗaya ya ɗauka, wato na samu maganin mai raina tuwo.

Ranar Asabar bayan la'asar na tara iyalina a tsakar gida, na jingina waya a jikin fulas, na zaunar da yaron a gabana. Ko minti ɗaya na fim ɗin ban kalla ba kafin nan. Turancina kuwa na sakandare ne, ya kwana biyu a ajiye, su kuma mutanen suna magana ta hanci. Sai na zama mai fassara. Inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in ƙara gishiri, kuma inda ban gane ba ya fi yawa.

Da farko abin gwanin sha'awa ne, ga burodi da nama a tsakiya, ga soyayyen dankali, ga kofin lemo kamar bokiti. Can sai aka nuno wani ƙaton mutum a gadon asibiti, ga 'yarsa ƙarama a gefe tana riƙe da hannunsa. Kafin in ankara an shiga da shi ɗakin tiyata, an buɗe ƙirji, komai a fili. Maiɗakina ta rufe ido ta ce don Allah in kashe. Ni kuwa a lokacin wa'azi ya yi daɗi.

Na ce wa yaron, "Ka gani ko? Taliya da ƙwai da lemu sunka kai shi nan. Likita ya ce mutuwa za shi yi, shi bar ɗiyanshi marayu."

Wallahi ban ji likita ya faɗi haka ba. Yaron ya dubi wayar, ya dubi cikina, ya sake duban wayar. Sai ya ce a hankali, "Baba, babu magani?"

Na ce, "Wanga kam sai addu'a." Na kashe waya, na kafa doka cewa daga yau babu mai sake cin kayan mai shayi a gidan nan.

Daren nan ya cinye tuwonsa tas, har da suɗe kwano. Na dubi maiɗakina ina hura hanci, na ce ta ga yadda ake tarbiyya.

Dokar ta kama kowa ban da wanda ya kafa ta. Ranar Litinin na ce wa mai shayi ya daina ajiye mini a benci, ya riƙa miƙo mini ta ƙofar baya. Na gyara wani lungu a bayan buhunan taki, nan nake zama in ci abina cikin rufin asiri. A ganina babu wanda ya sani sai ni da shi.

Daga ranar Talata yaro ya canza. Da safe a ba shi koko ya ce ya ƙoshi. Abincin da ake zuba masa na makaranta kuma kwanon yana dawowa wanke, ashe rabar da shi yake yi. In ya dawo sai ya nemi inuwa ya kwanta, a yi a yi ya ci ya ce ba ya jin yunwa. Da dare ne kawai zai ci, ya sha ruwa kamar raƙumi. Muka ce ko zazzaɓi ne yake masa sanɗa, ko ciwon shawara. Lokacin bazara ne, irin zafin Mafara da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana.

Ranar Alhamis ina bayan buhuna, cokali a hannu, sai ga malaminsu a kan babur yana kwala mini sallama. Ya ce yaron ya yanke jiki ya faɗi a filin makaranta, an wuce da shi asibiti. Ban san lokacin da na hau bayan babur ɗin da takalmi wari ɗaya ba.

Na same shi kwance, leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Aka auna jini, babu zazzaɓin sauro, babu na taifot. Likita ya ce ruwan jikinsa ne ya ƙare, ya tambaye shi yaushe rabonsa da shan ruwa, yaro ya juya fuskarsa bango. Da aka zo sa masa ƙarin ruwa kuwa sai ya fashe da kuka yana fizge hannu, sai da muka danne shi mu biyu. Na ɗauka tsoron allura ne. Ina riƙe da ƙafafunsa ina jin yadda suka zama kamar sillen kara, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Da yamma aka sallame mu, da dare ya ci abinci, muka ce alhamdu lillahi. Gari na wayewa ya sake cewa ya ƙoshi. Nan raina ya ɓaci, na yi tsawa, har na ɗauko bulala, maiɗakina ta shiga tsakani tana hawaye. Maƙwabta suka fara kawo shawara, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce baki ne, a nemo rubutu. Da na rasa ta yi sai na kira mahaifiyata.

Ba ta tsaya jin ƙarshen bayani ba. Ta hau babur daga Dakko zuwa Bakura, ta shiga mota, kafin a sauko daga masallacin Juma'a tana gidana da ƙwaryar fura da nono a ƙulle cikin zane. Ita da jikan nata akwai wasa, maigida take kiransa, shi kuma ya ce mata tsohuwar mata. Bayan an gama doguwar gaisuwa ta dama fura da hannunta ta kai masa har tabarma.

Ta ce, "Maigida, ga hura na dama maka. Ko ka yi sabuwar mata ta, ba ka shan tawa?"

Ya yi ɗan murmushi ya kau da kai. Ba ta matsa ba. Ta rufe ƙwaryar da faifai ta zauna tana jan carbi tana kallonsa. Ni ina ta safa da marwa ina cewa a koma asibiti. Can yaron ya tashi ya je bakin rariya ya tofar da miyau, ya dawo ya kwanta. Jim kaɗan ya sake tashi ya tofar. A na uku sai mahaifiyata ta ajiye carbi ta ce ni da maiɗakina mu ba su wuri. Muka shiga ɗaki muka tsaya bayan labule, kunne a waje.

Na ji ta ce, "Maigida, ashe azumi kakai ba ka hwaɗa ma matarka ba? Da na tashi na yi maka sahur."

Sai kuka, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Da ƙyar maganar take fita. Ya ce malaminsu na Islamiyya ya ce addu'ar mai azumi ba a mayar da ita. Ya ce Baba ya ce ciwon nan babu magani sai addu'a. Ya ce ranar Litinin ya leƙa shago ya hango Baba bayan buhuna yana ci, ga lemo a gefe.

"Ban son a tsaga Baba," in ji shi. "Ban son shi mutu."

Ta ce, "To don mi ba ka hwaɗi ba?"

Ya ce, "Baba ɓoyewa shikai. In na hwaɗi, Mama za ta sani."

Ban iya duban maiɗakina ba. Ƙato da ni, da gemu da tumbi, na tsaya bayan labule ina share ido da hannun riga. Kwana huɗu yaro ɗan shekara bakwai yana yini da ƙishirwa a cikin wannan zafi, ko miyau ba ya haɗiyewa, yana roƙa mini rai, kuma yana rufa mini asiri. Ni kuma da safiyar nan na ɗauko masa bulala.

Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai wanga na bayan labule, hito." Na fito kamar ɓarawon akuya. Ta ce, "Kai ka ci, yaro shi yi azumi? Ina kat taɓa jin haka? Duƙa nan ka hwaɗa mai gaskiya."

Na durƙusa a gaban ɗana. Na ce masa likitan fim bai ce mutumin zai mutu ba, ni na ƙara. Na ce ciwon yana da magani, kuma babban maganin shi ne mutum ya rage ci. Na ce na yi laifi da na hana shi ni kuma na ɓuya ina ci, kuma daga yau na bari.

Mahaifiyata ta ce, "To ka ji, maigida. Addu'arka ta ci, in Allah ya so, ga shi da bakinshi ya ce ya bari. Azumi ya ƙare, yau salla." Ta buɗe faifai ta miƙa masa ludayi.

Ya dube ni, ya ce, "Ka rantse." Na rantse. Sannan ya karɓa. Na sha jin sauti masu daɗi a duniya, amma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar haɗiyar furar nan ba. Ludayi bakwai na ƙirga kafin ya ɗago ya yi ajiyar zuciya, ni ma sai a lokacin na ji numfashina ya dawo daidai.

Da Talata ta zagayo na ba abokina labari. Ya yi salati, ya wanke ni tas, sannan ya tambaye ni ko na kalli fim ɗin har ƙarshe. Na sosa ƙeya. Ya karɓi wayar ya ja zuwa ƙarshe, sai ga mutumin nan da na kashe da bakina, ya rame ya yi kyau, yana tafiya a wani lambu da 'yarsa a kafaɗa. Ashe minti kaɗan ya rage a nuna ya warke na kashe waya. Wannan guntun kawai muka nuna wa yaron da yamma, abokina ya fassara masa da Hausar gaskiya, ya sa aka maimaita masa har sau uku. Ni kuma aka ɗaura mini abin awon hawan jini a hannu, abin da aka gani ya isa ya sa na riƙe rantsuwata ko da ban yi niyya ba.

Fim ɗin ba shi da laifi, gaskiya ya faɗa, kuma ya amfane ni. Manya aka yi wa shi, ni na ɗauka na haska wa yaro don in tsorata shi, ban san tsoro in ya shiga zuciyar yaro ba ya tsayawa inda ka ajiye shi ba. Tun daga nan ba na nuna wa 'ya'yana abin da ban fara kalla har ƙarshe ba, kuma na yi ritaya daga aikin fassara. Taliya ba mu haramta ta ba, akan dafa a gida jefi-jefi, a tsakar gida, kowa yana ganin kwanon kowa. Lungun bayan buhuna kuwa na cika shi da kaya.

Yanzu yaron yana sakandare, ya kusa kamo ni a tsawo. Tumbin ya ragu, ko da yake tsofaffin Dakko suna tambaya ko kasuwa ce ta karye. In watan azumi ya kama, kakarsa takan tsokane shi ta ce ai shi tsohon hannu ne, ya fara tun ba a ga wata ba, mu yi ta dariya. Shi ya ce ma da ƙyar yake tuna abin. Ni ban manta ba. Har yau in na ga ya ɗaga moɗa da rana tsaka, sai na bar abin da nake yi, in tsaya ina kallon maƙogwaronsa har ya sauke.