Geron Inna a Dutsen Saniya

Lahadi

Na bar ƙauyenmu ƙarfe biyar saura kwata, da mudun gero ƙulle a tsumma. Kwana shida ke nan Inna, mahaifiyata, ba ta ci abin kirki ba. Ta ce garin inji warin ƙarfe yake yi mata, ita sai kunun geron da aka niƙa a dutsen garinsu, inda ta yi niƙa tana yarinya. Yayyena suka ce tsufa ne. Ni dai na ɗauki mayafina.

Motar Rusairis, yankin su Inna, ta tashi daga Hasahisa shida da rabi. A Sinnar muka sha shayi da zalabiya, irin fanken can. A shingen Sinja ɗan sanda ya taɓa ƙullina.

"Mene ne wannan, ya Hajja?"

"Gero ne, ɗana."

"Gero za ki kai Rusairis? Nasu ya ƙare ne?"

Duk motar aka yi dariya, har da ni. Da la'asar sakaliya na sauka gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar Inna.

Litinin

Bayan asuba muka hau keken jaki ni da Gwaggo, tafiyar awa ɗaya. Dutsen shimfiɗaɗɗe ne, jikinsa duk ramuka masu santsi kamar an jera ƙore. Inna ta ce nata yana ƙarƙashin zanen saniya mai dogon ƙaho. Na duba, na sake dubawa, ban ga saniya ba. Na juya wajen Gwaggo.

"Ke 'yar nan, a bushe ake neman ta?"

Gwaggo ta watsa ruwan buta a jikin dutsen. Sai ga ƙaho, sai ga ƙafafu.

"Gwaggo, su wa suka yi wannan?"

"Allah masani. Kakanninmu da suka zo daga Sakkwato haka suka tarar, suka durƙusa suka ci gaba da niƙa."

Na wanke ramin, ya bushe, ni ma na durƙusa. Har hantsi ina fama, Gwaggo tana kirana 'yar inji.

Talata

Da magariba na iso gida, na dama kunun tun ban cire mayafi ba. Inna ta kurɓa, ta dube ni.

"Da tsaki-tsaki. Har yanzu ba ki iya niƙa ba."

Ta shanye, ta miƙo mini kofin.

"Ƙaro."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Gwaggo Asabe da butarta.