Kuɓewa a Kabarin Mis Earline

Manoman taba ne suka gina ƙaramin cocin Methodist na garin McLeansville, can ƙetaren teku, da katako da farin fenti. A ciki suka yi waƙa, suka yi aure, suka yi gyangyaɗi lokacin wa'azi, sannan ɗaya bayan ɗaya suka zagaya bayan ginin suka kwanta. Sa'ad da Baba Nathan ya iso daga Taraba, membobin da ke ƙarƙashin ƙasa sun ninka na kan benci, kuma su ba sa fashin Lahadi.

Nathan ɗan Methodist ne tun yana goye, manomi tun bai iya Addu'ar Ubangiji ba. A sito yake aikin ɗaukar kaya, ran Asabar ya yanke ciyawar coci. Shi ya jawo 'yan ƙasarsu cocin har Hausa ta shiga waƙar baiko, wato wadda ake yi lokacin tara sadaka. Abu ɗaya ya tsone masa ido: wata jar ƙasa a gefen makabarta, tana kwance tana shan rana, ba kowa a cikinta. A garinsu ba a ajiye wa mai rai kabari. Ya kawo fartanya ya ja kunya, ya zuba irin kuɓewa.

Kuɓewa ta miƙe, ta yi fure ruwan ƙwai. Sai ga Mis Earline, jikar wanda ya ba da filin cocin, tsohuwar da ke kaɗa piyano kamar ya yi mata laifi. Furanni ta kawo wa mijinta, marigayi Harold.

"Nathan, wa ya yi gona a kaina?"

"A kanki, Mama? Ai ga ki a tsaye."

"Nan zan kwanta, kusa da Harold. Tun ba a haife ka ba aka ajiye mini."

Dattawan coci suka ce a tuge, ga shi kuɓewa ta fara 'ya'ya. A gida ma bai sami ceto ba. Matarsa Assibi cewa ta yi, "Ka tsallake teku guda, ka rasa gona sai gadon tsohuwa?"

Ranar tugewa, Mis Earline ta riga kowa zuwa. Ta taɓa ganyen da sandarta, ta daɗe tana kallo.

"Harold bai taɓa shuka abu ya fito ba," in ji ta. "Sai yanzu ya fara amfani. Ku bar wa Nathan, ba sauri nake yi ba. Amma na gefen Harold nawa ne, kuma a soya mini da garin masara. Kada a kawo mini wannan miyar taku mai yauƙi."

Tun daga nan, duk shekara kafin ya zuba iri, Nathan yakan tsaya a ƙofar coci ya ƙare wa tafiyarta kallo, ya tambayi lafiyarta da kulawar da ko likita bai yi.

"Shuka abinka," takan ce. "Bana ma ba ni zuwa."